Yadda ake sa ido kan tafkin Nyos da ire-irensa ta hanyar gwajin ruwa da iskar gas

A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ya yi aman iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2 a taƙaice. Nauyin wannan iska ya kai ɗaya da rabi na wadda muke shaƙa, saboda haka ta bi kwari ta gangara, ta tarar da mutane a gidajensu a ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, galibinsu shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan, a watan Agustan 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iskar ba a dare ɗaya ta taru ba. Ta daɗe tana taruwa a ƙasan tafkin, kuma da an taɓa zura igiya an ɗebo ruwan can ƙasa an gwada, da an ga abin da ke kwance. Na'urar auna girgizar ƙasa ba ta ganin irin wannan haɗari, domin babu abin da ke motsi. Sinadaran da ke cikin ruwa da iska su ne ke tona shi. Ga yadda ake aikin, daga fili har ɗakin gwaje-gwaje. Nyos ne babban misalinmu, amma hanya ɗaya ake bi a kafofin tururi na Soborom da ke tsaunukan Tibesti a Cadi, ko a gefen Dutsen Kamaru da ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Da farko, ka san abin da kake nema

Narkakken dutse da ke can cikin ƙasa yana ɗauke da iskoki a narke: tururin ruwa, CO2, iskar farar wuta mai shaƙe numfashi wato SO2, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wato H2S, da asid na kulorin. Ba lokaci ɗaya suke barin narkakken dutsen ba. CO2 ce ke fara tserewa tun yana can nesa, ita kuwa SO2 sai ya matso kusa da doron ƙasa take fita da yawa. A hanyarsu ta fitowa suna ratsa ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan kuma yana shanye SO2 da asid na kulorin nan take, ya bar CO2 da hiliyam su wuce. Saboda haka abin da ka samu a sama ba shi ne ainihin abin da ya baro ƙasa ba, ragowa ce bayan ruwa da duwatsu sun ɗauki rabonsu. Duk fassarar da za ka yi daga baya a kan wannan ta ginu.

A Nyos babu zafi, babu tururi. CO2 na narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan ya ɓuɓɓugo ta gindin tafkin da zurfinsa ya haura mita 200. Kowace mita goma ta ruwa tana ƙara dannin da ya yi daidai da na sararin iska ɗaya, don haka dannin da ke can ƙasa ya ninka na sama wajen sau ashirin, ruwan kuma yana iya riƙe lita da yawa na iskar a cikin lita ɗaya. Ruwan ƙasan ya fi na sama nauyi saboda gishiri da iskar da ke cikinsa, tafkin kuma ba ya juyawa har ƙasa kamar tafkunan ƙasashen sanyi. Lemon kwalba ne da ba a ɓalle murfinsa ba, ruwan saman tafkin shi ne murfin. Tambayar da duk awon ke son amsawa ita ce, saura nawa ruwan ƙasa ya ƙoshi da iskar har ya fara fitar da kumfa da kansa?

Zaɓen wuraren awo

Ka zagaya yankin da ƙafa, ka rubuta kowane idon ruwa, kowace ƙorama da ke shiga ko fita, kowace kafa da ke fitar da tururi ko kumfa. Ka tambayi makiyaya da manoma, domin su suka san ramin da ake tsintar matattun tsuntsaye da ƙadangaru, da wurin da ciyawa ke bushewa ana tsakiyar damina. Ka ɗauki lambar kowane wuri da GPS, ka ba shi suna na dindindin, ka kafa turke ko ka yi alama a jikin dutse. Wanda zai zo bayanka da shekara goma dole ya tsaya daidai inda ka tsaya.

Kada ka yanke hukunci kan komai sai ka yi awo na aƙalla shekara guda cur, rani da damina. Ruwan sama yana tsinka ruwan maɓuɓɓuga, yana toshe kafofin ƙasa, yana sauya kusan duk lambar da za ka karanta. Wanda bai san yadda wurin yake a kwanciyar hankali ba, ba zai gane ranar da ya canza ba. Kuma ba duk ruwan ɗumi ne ke da alaƙa da aman wuta ba. Wikki da ke Yankari yana fitowa da ɗumin digiri 31, amma zurfin da ruwan ya kai cikin dutsen yashi ne ya ɗumama shi.

Ranka kafin samfur

CO2 ba ta da launi, kuma hanci ba abin dogaro ba ne a kanta. A iskar da muke shaƙa ba ta wuce kashi 0.04 cikin ɗari. Idan ta kai kashi 4 rai na cikin haɗari, idan ta kai 10 mutum kan suma cikin 'yan mintuna. Ka rataya ƙaramar na'ura mai ƙararrawa a ƙugu, ba a wuya ba, domin daga ƙasa iskar ke cikowa. Lokaci mafi haɗari shi ne asuba idan babu iska mai kaɗawa, wuri mafi haɗari kuma rami ko kwari, daidai lokacin da ka durƙusa za ka cika kwalba. Takunkumi mai matata yana tare SO2, amma ba ya tare CO2, kuma ba ya ƙara maka oksijin. H2S tana da nata makircin: idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, ka ɗauka ta tafi alhali ƙaruwa ta yi.

Ba a zuwa mutum ɗaya. Ɗaya na aiki, ɗaya na tsaye a tudu yana kallonsa, kuma an yi alkawari tun a gida cewa idan na ƙasa ya faɗi ba za a bi shi da gudu ba sai da igiya da tukunyar iska. A kan dutsen da ke motsi kuwa, ka rage zama a bakin rami. A Galeras ta Kolombiya, ranar 14 ga Janairu, 1993, fashewar ba-zata ta kashe mutum tara, shida daga ciki masana ne da suka shiga ɗaukar awo.

Ɗiban ruwan maɓuɓɓuga

Akwai abubuwan da ba sa jiran a koma gari: zafin ruwa, tsaminsa da ake aunawa da pH, yadda yake ɗaukar lantarki wanda ke nuna yawan gishirinsa, da yawan baikabonet. Da zarar ruwa ya sha iska, CO2 na fita, pH na hawa, lambar da za ka samu gobe ba ta wannan ruwan ba ce. Ka daidaita ma'aunin pH da ruwan gwaji na 4 da na 7 kowace safiya. Ka sa ma'aunin zafi a daidai idon da ruwan ke fitowa, ba a kududdufin da ya taru ba. Baikabonet kuma ana auna shi nan take da ɗigon asid mai sanannen ƙarfi har pH ya sauka wajen 4.5. Ka auna yawan ruwan da ke gudu a minti ɗaya ko da da bokiti da agogo ne, domin gishiri kan ƙaru don kawai ruwan ya ja baya.

Sai kwalabe. Ka ɗauraye kowacce sau uku da ruwan wurin. Ta farko a tace ruwanta da matata mai kafar maikuron 0.45, ba a sa mata komai, ita ce ta kulorayid da salfet. Ta biyu a tace, a ɗiga mata asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, ita ce ta sodiyam, potasiyam, kalsiyam, magnesiyam da ƙarfe. Idan ka manta asid ɗin, ruwan da ya fito garau zai koma ja cikin 'yan awowi, ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta a gindin kwalba. Abin da ya faru da tafkin Nyos ke nan bayan musibar, ruwan ƙasa mai ƙarfe ya hau sama ya sha iska, tafkin ya koma jajawur. Ta uku ta gilashi ce, a cika ta fal ba kumfa ko ɗaya a rufe gam, don gwajin asalin ruwan. Ka rubuta sunan wuri, kwanan wata da lokaci a jikin kwalba tun kafin ta jiƙe.

Awon tafki, inda aikin ya fi wuya

Ana fita da kwale-kwale ko dandamali mai yawo zuwa saman wuri mafi zurfi, a kafa shi da igiyoyi kada iska ta ja shi. Abu na farko da ake zurawa shi ne na'urar CTD, wadda ke rubuta zurfi, zafi da ɗaukar lantarki yayin da take sauka a hankali. Zanen da take bayarwa yana nuna tafkin hawa-hawa: ruwan saman tafki mai sauƙi, sai wani kan iyaka inda gishiri ya yi tsalle, sai ruwan ƙasa mai nauyi da ɗan ɗumi. A Nyos ɗaukar lantarki na tafiya tare da yawan baikabonet, shi kuma yana tafiya da yawan CO2, saboda haka wannan zane kaɗai yana nuna maka inda iskar take kwance. Idan ka jera na bana da na bara ka ga kan iyakar ya hauro sama, ruwa mai iska yana ƙara kauri ke nan.

Matsalar ita ce ɗebo samfurin. Kwalbar ɗiban ruwan teku ta yau da kullum tana rufewa a zurfin da kake so, amma tana tahowa sama danni na raguwa, iskar na ɓallewa, kafin ta iso hannunka ta yi ta tsiyayar kumfa. Lambar da za ka samu za ta yi ƙasa da gaskiya, kuskure ne kuma ta ɓangaren da ke kashe mutane, domin zai nuna maka lafiya lau.

Minoru Kusakabe, masanin sinadarai ɗan Japan da ya yi shekaru yana aiki kan waɗannan tafkuna biyu tare da cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta Kamaru, IRGM, ya fito da dabara mai sauƙi. Ana ɗaukar sirinjin roba, a zuba masa ruwan potasiyam haidiroksaid mai ƙarfi, ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu da ita, a auna nauyinsa. A ɗaura shi a jikin wata 'yar na'ura, a zura da igiya mai alamar mita har zurfin da ake so. Can ne na'urar ke jan hannun sirinjin, ruwan tafkin ya shiga ya gauraya da sodar, CO2 ta koma kabonet nan take tun tana ƙarƙashin danni. Abin da ya zama gishiri ba ya sake tserewa. A janyo sirinjin, a toshe bakinsa, a sake auna nauyi don sanin yawan ruwan da ya shiga. A ɗakin gwaji a auna jimlar kabonet, a cire baikabonet da ruwan ke da shi tun asali, da ɗan abin da sodar ta sha daga iska kafin a zura ta. Saura shi ne CO2. Ana maimaita wannan a zurfi daban-daban, a matsa tazara kusa da kan iyaka da kuma gindin tafki.

Daga nan sai lissafi biyu. Na farko, a kowane zurfi ka kwatanta iskar da ka samu da iyakar abin da ruwa zai iya riƙewa a wannan danni da zafi. Kada ka zuba ido kan gindi kaɗai, domin wurin da ya fi kusa da ƙoshi yana iya zama saman ruwa mai iskar, inda danni ya fi sauƙi. Na biyu, ka ninka da girman ruwan kowane hawa ka sami jimlar iskar da ke tafkin. Ta maimaita wannan shekara bayan shekara aka gano cewa Nyos na ƙara tara kimanin tan 5,000 na CO2 duk shekara kafin a fara rage ta.

Kafar tururi da ƙasa mai numfashi

Inda akwai kafa mai fitar da tururi, har yau ana amfani da kwalbar Werner Giggenbach, wanda ya yi aiki a New Zealand ya bayyana hanyar a 1975. Kwalbar gilashi ce da aka zuba wa ruwan soda, aka zuƙe iskar cikinta, aka auna nauyinta. Ana cusa bututun titaniyam ko na gilashi mai jure zafi cikin kafar, a tushe gefensa da laka, a bar tururi ya yi ta wucewa har bututun ya yi zafi ya kore iskar waje. Sai a kifa kwalbar kai ƙasa, a haɗa, a buɗe famfonta kaɗan-kaɗan. Za ka ga kumfa na ratsa sodar, kwalbar na ɗaukar zafi, sai a riƙa sanyaya ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tururi, CO2 da iskokin farar wuta suna narkewa cikin sodar, su kuwa haidurojin, hiliyam, naitirojin, agon da mitan suna taruwa a sararin da ya rage. Da kumfar ta fara rauni ka rufe, kada sodar ta ja baya cikin bututun. Idan gwaji ya nuna oksijin da yawa, iskar waje ta shiga, a ajiye wannan samfurin gefe.

Iskar da ke tsattsafowa ta cikin ƙasa kuma ana kifa mata ɗan mazubi mai na'urar auna CO2, a duba saurin hawan lambar cikin minti biyu ko uku, a yi haka a ɗaruruwan wurare a zana taswira. Na'urar Multi-GAS, wadda masanan Italiya da Japan suka fito da ita wajen 2005, ana iya girke ta a bakin rami tana aiko da ma'aunin CO2 da SO2 da H2S ba tare da kowa ya hau ba. Ba ta maye gurbin kwalba, amma tana cike watannin da ke tsakanin ziyara da ziyara.

A ɗakin gwaje-gwaje

Kafin ka gaskata kowane sakamakon ruwa, ka haɗa jimlar sinadarai masu cajin lantarki na ƙari da masu na ragi. Dole su yi kusan daidai. Idan bambancin ya wuce kashi 5 cikin ɗari, akwai abin da aka manta ko aka yi kuskure, a sake. Sannan ka duba wanne ya rinjaya. Ruwa mai kulorayid da yawa daga tafasasshen ruwan can ƙasa yake. Mai salfet da tsami ruwan kusa da doron ƙasa ne da tururi ya dafa. Mai baikabonet, irin na Nyos, ruwa ne da CO2 ta ratsa.

Hiliyam ne ke faɗin asalin iskar. Ana kwatanta nau'insa mai sauƙi da mai nauyi, a ɗauki na sararin iska a matsayin 1. Iskar da ta fito daga tsohon dutsen doron ƙasa tana ba da wajen 0.02, ta can cikin ƙasa inda narkakken dutse ke fitowa tana kai wajen 8. Ta Nyos ta ba da kusan 6. Gwajin kabon-14 kuma ya nuna ba daga ruɓewar ganye da tarkacen tafki ta fito ba. Amma ruwan ƙasan ba shi da zafi, ba shi da farar wuta ta a zo a gani. An yi ta muhawara bayan musibar, Haroun Tazieff na Faransa na cewa dutsen ne ya fashe a ƙarƙashin tafkin, George Kling da William Evans na Amurka da su Kusakabe na cewa tarin iska ne ya ɓalle. Waɗannan awo ne suka sa yawancin masana suka karkata ga ra'ayi na biyu, kuma bambancin ba na takarda ba ne, domin tarin iska ana iya rage shi.

Fassara, da tarkon da ke cikinta

Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin ba kullum narkakken dutse ba ne. Idan lamba ta sauya, fara zargin na'urarka, sannan ruwan sama, sannan sabon ma'aikaci da ya canza hanya. Sai waɗannan sun fita za ka dubi ƙasa. Ka fi dogara da ma'aunin iska ɗaya a kan wata, domin tsinkawar ruwa ko iskar waje ba ta cika taɓa shi ba. CO2 ta ƙaru a kan SO2, sabon narkakken dutse na shigowa daga nesa. SO2 ta ƙaru a kan H2S, zafi ya hau, tsarin na bushewa, narkakken dutse ya matso. Haidurojin ya ƙaru, ruwan ƙasa na ƙara zafi.

Raguwa ma tana iya zama mugun labari. A Pinatubo ta Filifin a 1991, SO2 ta tashi daga tan 500 a rana a tsakiyar Mayu zuwa sama da tan 5,000 a ƙarshen watan, sannan ta faɗi zuwa 'yan ɗaruruwa a farkon Yuni. Hanyar iskar ce ta toshe, danni na taruwa, ranar 15 ga Yuni dutsen ya fashe. Akwai kuma fashewar tururi da ba ta ba da isasshen lokaci, kamar ta Ontake a Japan a 2014 da ta tsibirin Whakaari a New Zealand a 2019 wadda ta kashe mutum 22. Shi ya sa ake karanta sinadarai tare da girgizar ƙasa da kumburin dutse, ba su kaɗai ba.

Daga awo zuwa aiki

Tun kafin a fara, a rubuta wace lamba ce za ta sa a ƙara yawan awo, wacce za ta sa a kira hukuma, wa zai kira wa, da yadda saƙo zai isa ga hakimi, arɗo da mai unguwa cikin harshen da suke ji. Mutanen kwari su san cewa idan ƙararrawa ta kaɗa tudu ake hawa, ba a bin hanya a gangara.

A Nyos awon ne ya kai ga magani. A 2001 ayarin Michel Halbwachs na Faransa ya zura bututu har kusa da gindin tafkin. Da famfo ake fara jan ruwan, yana hawa kumfa na fita, kumfar na ɗaga shi da kanta, har ya yi tsiri wajen mita 45 sama ba tare da inji ba. An ƙara bututu biyu a 2011. Monoun ya sami nasa na farko a 2003. Najeriya ma tana da kaso a lamarin, domin bakin tafkin Nyos na arewa gaɓa ce ta dutse mai rauni, kuma idan ta karye ruwan tafkin zai bi kogin Katsina-Ala zuwa Taraba da Binuwai. Wannan na daga dalilan gina madatsar Kashimbila. Idan gaɓar ta karye kuma, raguwar ruwan saman tafkin farat ɗaya rage danni ne a kan ruwa mai iska.

Bututun yana da iyaka da dole mai awo ya sani. Iskar da yake cirewa ita ce ƙarfin da ke tafiyar da shi, don haka tana raguwa tsirin na gajarcewa har ya tsaya, alhali maɓuɓɓugar da ke gindin tafkin ba ta daina kawo sabuwa ba. A Monoun an kai wannan matakin, har aka gwada famfo mai aiki da hasken rana don ci gaba da jan ruwan ƙasa. Tsayin tsirin ma awo ne, a rubuta shi duk ziyara, kuma a ci gaba da zura CTD da sirinji aƙalla sau ɗaya a shekara, a wuri ɗaya da hanya ɗaya, ko da bututun ya yi shiru.